Yadda Muka Gyara Ƙasar Kabeji

Sa'ad da aka raba mana lambu bara, mu 'yan aji biyu, aka ce mu dasa kabeji, sai muka yi dariya a ɓoye. Muka ce, mu da aka haifa a gindin rumbu, muka riƙe fartanya tun muna karatun allo, wa zai koya mana noma? Ashe noman gero dabam, na kabeji dabam.

Wurin da aka ba mu yana bakin fadama, ƙasarsa laka ce, ruwa ya kan kwanta a kanta. Saboda haka aka hana mu yin fangali mai zurfi irin na masu albasa, aka ce mu ta da shi bisa don ruwa ya riƙa tsanewa. Muka tara ƙasa da gaggawa, muka kwaso ɗanyen kashin shanu daga turke muka zuba, muka yi dashe a ran nan, ƙasa tana sako-sako. Ba a yi kwana 10 ba rabin dashen ya ƙone. Wanda ya tsira kuwa ya yi ta baza ganye, ya ƙi ƙulla kai. Duk wanda ya wuce sai ya tambaye mu, "Malamai, ina kabejin?"

Da kaka ta kewayo muka ajiye girman kai, muka tafi wurin tsohon da ke tsaron lambu, muka durƙusa muka ce, "Baba, mun zo karatu." Ya yi murmushi ya ce, "Samari, ba iri ya cuce ku ba, gaggawa ce."

Ga abin da ya sa muka yi. Muka auna faɗin fangali ƙafa 4, don hannu ya kai tsakiya daga kowane gefe ba sai an taka ba, tsayinsa kuwa kamar taƙi guda. Muka kafce ƙasa zurfin ƙafa 1, muka farfasa hoge, muka tsince tsakuwa da saiwar ƙiri-ƙiri. Sa'an nan muka zuba takin da ya shekara a rami, wanda ya ruɓe ya yi baƙi ya daina wari, gama ɗanye yana da zafi, shi ya ƙone mana saiwa bara. Muka barbaɗa tokar murhu, domin kabeji ba ya son ƙasa mai tsami, toka kuwa tana rage tsamin. Muka cuɗa duka, muka ba shi ruwa, muka bar shi mako 2 ya kwanta.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne na ƙarshe. Ya ce mu ɗora katako bisa fangali mu danne. Kabeji yana son ƙasa mai ƙarfi da za ta riƙe shi; in iska tana girgiza shi, ƙananan saiwoyinsa su kan tsinke, kai kuwa ba ya yin tauri. Da dashe ya yi ganye 4 ko 5 muka dasa da yamma, inci 18 tsakanin wannan da wancan. Ya kuma gargaɗe mu kada mu maimaita kabeji a fangali ɗaya sai bayan shekara 3, a sa wake ko gyaɗa a tsakani, don cuta ta kan zauna a ƙasa. Yanzu hunturu ya shigo, ga kawuna sun fara ƙulluwa, alhamdu lillahi.

'Yan'uwa, ba don miya kaɗai muka rubuta wannan ba. Baɗi za a rarraba mu makarantun ƙauye, inda iyayen yara manoma ne. Da yawansu ba za su duba littafin ɗansu ba, amma za su leƙa lambun makaranta ta kan danga. In sun ga ya lalace, za su ce malamin da ya kasa da fangali ɗaya yaya zai yi da yara 30? Mu dai mun sha tamu kunyar a nan, inda akwai mai gyara mana. 'Yan aji ɗaya, ku haƙa ramin takinku tun yanzu. Allah ya sa mu dace, amin.