Littafin da ya sa ni begen Birnin Damagaram

Ina aji uku na kolej a Filinge wani malaminmu na Faransanci ya ara mini wani ɗan littafi wanda bangonsa ya riga ya ƙoƙe. Sunansa Tanimoune, wasan kwaikwayo ne da marigayi André Salifou, ɗan Damagaram, ya wallafa a 1973. Cikin dare biyu na karance shi da hasken fitilar ƙwai, ban mayar wa mai shi ba sai da na kusa haddace shi.

Har lokacin, duk sarakunan da na gamu da su a littattafan Faransanci na hayin teku ne. Sai ga Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, sarkin da ya kewaye Birni da ganuwa, ya kuma sa maƙeransa suka ƙera masa manyan bindigogi. Ni kuwa ɗan ƙasar Kurfai ne, ginin da na sani bai wuce ɗakin laka da rumbu da masallacin unguwarmu ba. Saboda haka na riƙa gina fadarsa a zuci, ina jera zauruka, ina ɗora zankwaye a kan soraye, har na yi wa kaina alkawarin wata rana sai na dafa bangon nan da hannuna.

Alkawari kaya ne, in ji masu magana, amma ni na sauke nawa a gefen hanya. Na zama malami, aka kawo ni Baleyara, iyali suka ƙaru. Daga Yamai zuwa Damagaram kimanin kilomita 900 ne, ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni da Maraɗi. Kowane babban hutu sai noma ko hidimar gida su cinye kuɗin mota, in ce baɗi. Zuciyata tana raya mini cewa abin da ya tsaya shekara ɗari da hamsin ba zai gaza jirana ba. A aji kuwa ina ba ɗalibai labarin garin da ya kasance babban birnin Nijar kafin a mayar da mulki Yamai a 1926, kamar wanda ya taɓa kwana a cikinsa.

A farkon watan Satumba na 2024 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, tsohon masallacin laka na Birni, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Wani ɗalibina ne ya nuna mini hoton a wayarsa, ya ce: "Malam, ba wannan ne kake ba mu labari ba?" Na rasa bakin amsawa. Da na koma gida na ɗauko kwafin littafin da na saya daga baya, na iske kowane shafi yana nan yadda na bar shi. Masallacin ne dai bai jira ni ba.

Ranar na gane abin da magina suka daɗe da sani. Ginin tubali da azara yana rayuwa ne da yaɓe da makuba da gyaran indararo kafin saukar damina. In hannu ya janye, ruwa ya karɓi aikin. Littafi yana iya sa mutum ƙaunar gini, amma ba ya toshe tsaga ko ɗaya.

Yanzu ina ware wani abu daga albashina kowane wata, domin in je in ga fadar Sarkin Damagaram da ragowar ganuwa tun ido yana da abin gani. Kafin nan, na fara kai ɗalibaina wurin wani tsohon magini a nan garin, suna rubuta sunayen kayan aikinsa da Hausa. Ƴan'uwa malamai, kowannenmu yana da wani bango da ya yi alkawarin dafawa. Kada mu bari damina ta riga mu isa.