Ta'aziyyar da Muka Kusa Ƙin Zuwa

Duk wanda yake zaune a nan Nyanya a shekarar 2014 ba zai manta da safiyar Litinin, 14 ga Afrilu ba. Mun idar da sallar asuba, mun biya wa yara karatu, muna shirin fita kasuwa, sai muka ji wata ƙara da ta girgiza kwanon masallaci. Bam ne ya tashi a tashar mota, daidai lokacin da ma'aikata da 'yan kasuwa ke rububin shiga manyan motoci zuwa cikin gari. Sama da mutum 70 suka rasu. A daren ranar kuma aka kwashe 'yan matan makarantar Chibok a jihar Borno.

Cikin waɗanda suka rasu har da ɗan maƙwabcinmu na kasuwa. Rumfarmu ta hatsi tana jikin tasa shekara da shekaru. Mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, dattijo a cocinsu, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Muna ce masa Dattijo, yana ce mana Liman. In mun tafi sallar azahar shi ke duba mana rumfa, har ciniki yake yi mana ya ajiye kuɗin. Yaron nan shi ne ɗansa na fari, bai cika wata guda da samun aiki a Wuse ba.

Gaskiya ɗaya ce, mun yi shakkar zuwa ta'aziyya. Waɗanda suka ɗauki alhakin abin da sunan addininmu suka yi magana, kuma ciwon Madalla bai warke ba, inda aka tayar da bam a cocin St. Theresa ranar Kirsimeti ta 2011. Samarinmu suka ce, "Malam, kada ku je. Mutanen nan ransu a ɓace yake, in sun ga rawani da gemu Allah kaɗai Ya san abin da zai faru." Muka kwana biyu muna juya maganar. Ladaninmu, tsoho ne, Allah Ya jiƙansa, shi ya raba gardama. Ya ce, "Liman, kai ke karanta mana haƙƙin maƙwabci. Ko na ranar daɗi kaɗai kake nufi?" Kunya ta kama mu. Ran Laraba da la'asar muka ɗauki shinkafa tiya biyar, mu shida, muka tafi.

Mun tarar da gida cike. Mata na waƙoƙin coci da Hausa, a hankali, suna hawaye. Da muka yi sallama wurin ya yi tsit. Dattijo ya taso da kansa, ya riƙe hannunmu, ya sa aka shimfiɗa mana tabarma kusa da shi. Muka ce, "Dattijo, ya haƙuri? Allah Ya ba da dangana." Ya ce, "Haƙuri sai ma'abocinsa, Liman. Na san za ku zo."

Ba mu same shi kamar dutse ba. Idonsa ya kumbura, muryarsa ta dushe. Ya faɗa mana cewa daren farko ya kwana yana tambayar Allah dalili, har ya ɗaga murya. Muka ɗan tsorata, don mu an koya mana ladabi wajen magana da Ubangiji. Sai ya ce, "Liman, yaro in ya ji ciwo wa yake yi wa kuka? Wanda ya san zai ji shi. Da na daina yarda da Shi, da ban tsaya tambayarSa ba."

Ya bayyana mana cewa makon nan a wurinsu mako ne mai tsarki, ranar Juma'a za su tuna da shan azabar Almasihu, Lahadi 20 ga wata kuma Ista. A imaninsu, in ji shi, wahala ba alamar Allah Ya juya wa mutum baya ba ce, tunda wanda suke bi ma ya sha ta, kuma kabari ba shi ne ƙarshen labari ba. Mu a aƙidarmu ba a gicciye Annabi Isa, alaihis salam, ba. Ya san haka, mun san ya sani. Amma gidan makoki ba wurin muhawara ba ne, muka saurara.

Inda muka haɗu shi ne labarin Annabi Ayuba. Mu mun san shi a Suratul Anbiya'i da Suratu Sad: bawan da cuta ta daɗe a jikinsa, ya kai kukansa ga Ubangiji, aka yaye masa, aka mayar masa da iyali. Dattijo ya ƙara mana abin da yake littafinsu. Wai abokansa uku sun zo masa jaje, suka zauna kwana bakwai ba su ce uffan ba. Da suka buɗe baki sai suka shiga cewa lalle akwai zunubin da ya aikata. A ƙarshe su Allah Ya tsawata wa, ba Ayuba ba. Wannan ya taɓa mu, don sau nawa mu ma muke jin an yi wa wani gobara ko rashi, sai ka ji ana raɗa, "Ko me ya yi wa Allah?"

Ranar 1 ga Mayu bam ya sake tashi kusa da wurin na farko. Wasu suka kwashe iyali suka koma gida. Dattijo ya buɗe rumfarsa. Abin da ya fi ba mu mamaki, samarin danginsa da suka zo da maganar ramuwa shi ya hana su. Ya ce musu ramuwa ta Allah ce, kuma a tashar nan Musulmi masu shayi da 'yan dako sun mutu tare da ɗansa.

Namu gwajin ya zo a 2020, lokacin kullen korona. Kasuwa ta tsaya, jari ya karye, sannan uwargidanmu ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. Mun shekara ashirin muna yi wa mutane wa'azin tawakkali, amma da ya zo kanmu sai muka ji nauyinsa daban. Akwai daren da muka kasa jan sallah, muka ba na'ibi. Dattijo ya zo da rabin buhun masara. Bai yi mana wa'azi ba. Ya zauna a bakin zaure har magariba, da aka kira sallah ya ce, "Liman, tashi ka je. Wanda kake kira yana ji." Muka tashi.

'Yan uwa, ba muna cewa addinan ɗaya ne ba. Kowa ya riƙe nasa, hisabi na Allah ne. Amma mun ga da idonmu mutum ya rasa ɗan fari, ya yi kuka, bai saki Ubangijinsa ba, bai kuma ɗora wa maƙwabcinsa laifin da bai yi ba. Zaman ci-rani ya haɗa mu da mutane iri-iri a wannan gari. In rashi ya faɗa gidan maƙwabci, ko wane coci yake zuwa, a je, a zauna, a rage surutu. Da mun bi shawarar tsoro a waccan Laraba, da mun yi asarar maƙwabci, da kuma darasin da ya riƙe mu bayan shekara shida.

Allah Ya ba ƙasarmu lafiya, Ya sa mu cika da imani.