Ƙululun Cibiya Bayan Aikin Sankarar Dubura

Ƙawata,

Saƙonki ya iso, kuma zancen dattijon nan da aka yi wa aikin sankarar dubura bara, yanzu ƙululu mai tauri ya fito masa a cibiya, ya tsaya mini a rai. Don Allah kada ku sallame shi da maganin maruru.

Kin san in cutar nan ta bazu, mun saba nemanta a hanta, domin jinin hanji ta can yake fara bi. To, ƙasan dubura tana da wata hanyar daban: jijiyoyinta suna zuba jini a babbar jijiyar da ke wucewa zuciya kai tsaye, daga nan sai huhu. Shi ya sa za ki ga hanta garau, huhu kuwa ya kamu. Akwai kuma jijiyoyin da ke zagaye da ƙashin baya, waɗanda Oscar Batson ya bayyana a 1940. Ba su da murfin da ke hana jini komawa baya, don haka ko yunƙuri ko tari na iya tura ƙwayoyin cutar zuwa ƙashi, har ƙwaƙwalwa. Wanda ya taɓa yin wannan cuta, in ya zo da ciwon baya mai hana barci, ba gajiya ba ce sai an tabbatar.

An sha ganinta a inda ba a zato: fata, dasashi, nono, maƙogwaro, ƙwan haihuwar mace, har da mazakuta. Wannan na ƙarshen ya fi ba ni tausayi, domin kunya kan sa mutum ya yi shiru har abu ya yi nisa. In ciwon yana dab da bakin dubura, ki riƙa lalubar kaluluwar matsematsi ma.

Ƙululun cibiyar kuwa sunan wata ma'aikaciyar jinya irinki ya ci, Sista Mary Joseph, wadda ta taimaka wa likita William Mayo a tiyata a Amurka. Ita ta lura cewa masu irin wannan ƙululu galibi cutar ta riga ta bazu a cikinsu.

Ku tura shi asibitin koyarwa a yanki ɗan naman a gwada, a auna sinadarin CEA a jininsa, a ɗauki hoton ciki da ƙirji. Ki zaunar da 'ya'yansa ki yi musu bayani a hankali, kada su tafi gida da shi.

Allah ya ba shi lafiya. Ki gaishe mini da Mama.

Taki,
Ƙawarki