Baƙo Ya Yi Mana Jinka

Kowace shekara sa'ad da aka buɗe makaranta, mukan tsaya a ƙofar aji ɗaya muna duban yaran da ake kawo mana. Waɗansu sukan shigo da fara'a, sun riga sun iya riƙon fensir. Waɗansu kuwa sai su ƙanƙame zanen uwa suna kuka. Ba wai kansu ne ba ya ja ba. Yaro ne ya tashi da Kambarci ko Gunganci a gida, ya iya korar tsuntsaye a gonar shinkafa, ya san sunayen kifi iri iri, amma bai taɓa buɗe littafi ba. Rana ɗaya sai mu zaunar da shi a benci, mu yi ta yi masa Turanci. Kafin shekara ta raba, da yawa sun koma bakin ruwa.

Iyayenmu sun ba mu labarin 1968, sa'ad da aka gama madatsar ruwa ta Kainji, ruwa ya ci tsibirai da garuruwa, aka ta da mutane fiye da dubu 40 aka sake musu mazauni. Sun kuma ba mu labarin 1976, shekarar da gwamnati ta buɗe firamare kyauta ga kowa, azuzuwa suka cika maƙil. Daga baya dokar ilimi ta 2004 ta sa kulawa da ƙananan yara cikin tsarinta, a 2013 kuma aka tsara shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya. Amma a ƙauyukanmu na ƙasar Shanga, yara da yawa ba su ɗanɗana wannan shekara ba tukuna.

Masu alheri sun daɗe suna ƙoƙarin toshe wannan giɓi. Tun ƙarshen shekarun 1980 gidauniyar Bernard van Leer ta ƙasar Holan da hukumar UNICEF suka taimaki Nijeriya ta gwada wuraren renon yara masu sauƙin kuɗi. Mu ma alheri irin wannan ya taɓa samunmu. Waɗansu 'yan'uwa daga wani babban birni suka aiko mana da kwanon rufi, da bencina, da littattafai, suka kuma ɗauki albashin malama na shekara biyu. Muka yi murna ƙwarai, muka buɗe ajin ƙanana.

To, a nan ne muka yi kuskure. Muka naɗe hannu, har muna kiran ajin “makarantar baƙi”. Da shekara biyu ta cika, kuɗi ya tsaya. Malama ta yi haƙuri wata uku, sa'an nan ta tafi Yelwa neman abin kanta. Awaki suka gaji ɗakin. Ba mu ga laifin masu bayarwa ba, gama sun faɗa mana iyakar ƙarfinsu tun da fari. Mu ne ba mu kasa kunne ba.

A taron zumuntar mata ne wata tsohuwa ta farkar da mu. Ta ce, “Baƙo ya yi mana jinka, yanzu kuma muna jira ya zo ya share mana ɗaki?” Kunya ta kama kowa. Aka shirya cewa da kaka kowane gida zai kawo mudun dawa, masu lambu su kawo albasa, masunta kuma banda. Ana sayar da wani kashi a kasuwar Yauri domin albashi, sauran a dama wa yara kunu da safe. Muka zaɓi wata 'yar garin da ta gama sakandare, mai jin Kambarci da Hausa. Tana koya musu ƙirga da 'ya'yan tsamiya, tana yi musu tatsuniya, tana koya musu wanke hannu da jiran layi. Maƙwabtanmu Musulmi ma suka kawo 'ya'yansu, da mudunsu.

Da yake ajin yana tsakiyar gari, hankalin iyaye ya kwanta. Tun da aka sace ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yuni na 2021, uwa ba ta son ɗanta ya yi nisa da idonta.

Ba mu ce an gama ba. Shekarar da damina ba ta yi kyau ba, albashi yakan makara, mukan kuwa ji nauyin haɗa ido da malama. Amma yaran da suka fito daga hannunta ba sa kuka a ƙofar aji ɗaya.

'Yan'uwa masu hali, kada ku gaji da bayarwa, amma ku fara tambaya wane ne zai riƙe aikin bayanku. Mu masu karɓa kuma, kada mu jira mota daga birni kafin mu auna mudunmu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya raya mana 'ya'yanmu, amin.