Ranar da Muka Hau Jirgi Ba Don Fatauci Ba

A ƙasarmu ba a san tafiyar banza ba. Mutumin Tondikandiya in ya ɗaura kaya, dalili ne ya tashe shi: ko an gama girbin hatsi ya nufi cin rani Kumasi, Lome ko Kwatano, ko jinya ta kai shi Yamai, ko gaisuwar rasuwa, ko kuwa Allah ya kira shi Makka. Mahaifina Bazabarme ne na wajen Damana, mahaifiyata Bakurfayiya ce daga Filinge, kuma dangin biyu, duk da ba'ar da ke tsakaninsu, bakinsu ɗaya a kan wannan. Ni ma da ra'ayin na tashi, da shi na yi tallan kaya a Yamai, da shi kuma na sauka Gwanzu a ƙasar Sin ina saro wa 'yan kasuwarmu takalma da kayan wayar salula.

Sanyin watan Janairu na 2016 ne ya jawo maganar. Ranar 24 ga wata ƙanƙara ta zuba a Gwanzu, abin da garin ya yi shekaru da yawa bai gani ba, ga gidajen kudancin Sin ba a yi musu na'urar ɗumama ɗaki. Muka kwana cikin rigunan sanyi, safa biyu biyu a ƙafa. Sannan sabuwar shekarar Sinawa na tafe ranar 8 ga Fabrairu, kuma duk wanda ya zauna can ya san abin da ke biyo baya: masana'antu su rufe, masu shaguna su koma ƙauyukansu, unguwar Shawbei da 'yan Afirka ke cika ta yi tsit. Ba saye, ba lodi, sai cin jari.

Bayan sallar Juma'a, a masallacin da ke gefen kabarin da mutanen wurin ke dangantawa da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, tafintanmu ya kawo shawara. Musulmi ne ɗan yankin Ningsha, da Larabci muke fahimtar juna da shi. Ya ce akwai tsibiri a kudu mai suna Hainan, inda sanyi ba ya zuwa, kuma in muka haɗa kai muka sayi tikiti tun kafin cunkoson biki, kuɗin zai yi sauƙi. Muna da adashe na 'yan Nijar, mu goma sha wani abu, daga Filinge, Baleyara, Tawa da Maraɗi. Aka yi ta ja-in-ja a kan ko ya dace a taɓa kuɗin adashe don yawon buɗe ido. Babbanmu, wanda kowa ke kira Baba Alhaji, ya fi kowa ƙi. Da aka gaya masa akwai masallatai a can, sai ya ce to ai ziyara ce, ziyara kuwa tana da lada. Kowa ya gane dattijon mafita yake nema, ba wanda ya tanka.

Daren da za mu tashi na kira gida. Sin tana gaban Nijar da awa 7, don haka sai da dare ya raba a wurinmu na samu Inna ta dawo daga rijiya.

Ta ce, "To, me za ka saro can?"

Na ce, "Ba komai, Inna. Kallo za mu je."

Ta yi shiru. Can ta ce, "Ɗan nan, gaya mini gaskiya. Wa ya rasu?"

Na rantse mata kowa lafiya. Ta ce Allah ya tsare, amma muryarta ta nuna ba ta gamsu ba.

A filin jirgin Baiyun wata 'yar jagora ta tarbe mu da tuta a sanda da buhun huluna ja, kowa ɗaya. Haka Sinawa suke yawon ƙungiya, don kada wani ya ɓace cikin taro. Baba Alhaji ya karɓi tasa ya ɗora bisa hular da ke kansa, muka bi tutar nan a jere kamar awakin da ake kaiwa kasuwar Baleyara ranar Lahadi. Jirgi ba baƙonmu ba ne, duk mun sha hanyar Yamai zuwa Adis Ababa zuwa Gwanzu. Abin da ya zame mana baƙo shi ne ma'aunin kaya. Mu da kullum muke rigima da ma'aikata a kan kilo biyu ko uku da suka haura, yau ga mu da 'yar jaka ɗaya ɗaya. Wani ɗan Maraɗi ya dubi allon awo ya ce wallahi zuciyarsa na ƙuna, kilo kusan ashirin zai tafi a banza ya dawo a banza.

Tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce. Na samu kujerar taga, na ga inda ƙasa ta ƙare ruwa ya karɓa. Mashigin da ya raba tsibirin da sauran ƙasar faɗinsa kamar kilomita 30 ne, kuma tafinta ya ce jirgin ƙasa ma yana tsallake shi: ana raba taragai a shigar da su cikin jirgin fito, a sake haɗa su a ɗaya gaɓar. Hainan a da yanki ne na lardin Gwandon, sai a 1988 aka ba shi lardinsa, da hedikwata a Haiko. A zamanin sarakunan Sin nan ake korar ma'aikacin da fada ta yi fushi da shi, don a ganinsu ƙarshen duniya ne. Yanzu jikokin masu korar su ne ke biyan kuɗi mai tsoka don su kwana uku a wurin.

Daga sama tsakiyar tsibirin duwatsu ne da daji kore shar. Wannan ya tsaya mini a rai, domin da na duba taswira daga baya na ga birnin Sanya, inda muka sauka, kusan layi ɗaya yake da Arlit. Ke nan ya fi Filinge nisa zuwa arewa, ya ma wuce Agadas. Can rairayi da duwatsu ƙonannu, nan kwakwa da ayaba da shinkafa. Mu da muka tashi a Dallol Bosso, kwarin da kogi ya bi a zamanin da ba wanda ya gani, inda goriba da gawo ke rayuwa da ruwan da ke ɓoye a ƙasa, mun san darajar danshi fiye da Basinen da ke kusa da ni yana barci.

Ƙofar jirgi na buɗewa iska mai ɗumi ta buge mu. Nan take aka shiga tuɓe rigunan sanyi, Baba Alhaji na ta hamdala. Jirgin cike yake da tsofaffi daga arewa maso gabashin Sin, waɗanda ke gudo wa hunturu duk shekara su zauna Sanya har sanyi ya wuce. Wani ɗan Tawa ya ce ashe su ma suna cin rani, sai dai nasu na kashe kuɗi ne.

Ba otal aka fara kai mu ba. Motar ta tsaya a wani katafaren shagon lu'ulu'u, aka ce mu shiga minti kaɗan. Mu 'yan kasuwa ne, mun san 'yar jagora tana da lada a kan duk abin da muka saya. Ba mu ji haushi ba, sana'a ce. Sai dai ta yi rashin sa'ar baƙi: muka zagaye shagon, muka tambayi farashin sari, muka taya rabin rabi, muka fito hannu wofi. Daga nan fuskarta ba ta sake sakewa ba.

Abin da ya fi zauna mini a wannan rana bai kai ga bakin teku ba. Azahar ta yi, tafinta ya matsa aka karkata da motar zuwa wata unguwa kusa da filin jirgin, ana ce mata Huihui, da maƙwabciyarta Huishin. Muna shiga muka ga mata da kallabi, shaguna da rubutun halal, yara na fitowa daga makarantar masallaci. Mutanen wurin Musulmi ne da ake kira Utsul, 'yan dubbai kawai. Kakanninsu sun tsallako teku ne ɗaruruwan shekaru da suka wuce daga daular Campa, a inda ƙasar Biyetnam take yau, kuma har yanzu suna da harshensu na gida, wanda ya fi kusa da na Malesiya a kan na Sin. Tafintanmu kansa ba ya jin ko kalma ɗaya a ciki. Suna alfahari da cewa kakan Abdullahi Badawi, tsohon firaministan Malesiya, ta wajen uwa, ɗan wurinsu ne.

Muka yi alwala, muka haɗa azahar da la'asar a matsayinmu na matafiya. Bayan sallama wani tsoho ya riƙe hannun Baba Alhaji ya tambaye shi da Larabci daga ina. Da aka ce Nijar, sai ya ce Najeriya, kamar yadda kowa ke yi a Sin. Baba Alhaji ya zauna ya zana masa ƙasashen biyu da yatsa a kan darduma, har da inda Filinge take, kuma na lura ya ba Filinge wuri fiye da Yamai. Suka kai mu wani gidan abinci na unguwar, aka kawo kifi da shinkafa da ruwan kwakwa a cikin ƙoƙonta. Wannan ne karon farko tun zuwansa Sin da na ga dattijon ya ci abincin da ba a tukunyarmu aka dafa ba, bai kuma tambayi wa ya yanka ba.

Sai da yamma muka isa otal a Dadonghai, inda allunan shaguna ke ɗauke da rubutun Rashawa saboda yawansu a wurin. Teku na gabanmu, jama'a kwance a rairayi kusan tsirara. Samarinmu suka naɗe wando suka shiga ruwa iya gwiwa suna ɗaukar hoto don Facebook. Baba Alhaji ya juya wa bakin ruwan baya, ya ciro carbi, ya ce gobe a mai da shi unguwar masallaci, mu je mu yi kallonmu.

Haka kuwa aka yi har muka bar tsibirin. A 2020 na ji a labarai cewa hukumomi sun hana 'yan matan unguwar saka lulluɓi a makarantun gwamnati, abin ya ɓata mini rai ƙwarai. Ɗan'uwa mai fatauci a Gwanzu, in hutun sabuwar shekara ya rutsa da kai kuma kana da hali, ka je Sanya. Ka sayi tikitin zuwa da na dawowa tun da wuri, don farashi yana ninkawa a makon biki, kuma kafin a kai ka bakin teku ka ce a tsaya da kai a Huihui ka gaisa da mutanenta.