Hiyas ɗinmu ta zama ɗaki

Tsohuwar Hiyas da muke zuwa ɗaukar shiri da ita ƙauyukan Dakoro, mun maida ta ɗakin kwana. Karon farko mun yi kuskure: muka jibge bido shida na ruwa can baya, tayoyi suka nutse cikin rairayi, muka kwana a daji.

Yanzu mun gane. Kaya masu nauyi ƙasa, tsakiyar mota. Matala bisa akwatunan katako, kayan aiki a ciki. Pano bisa rufi, batir ƙarƙashin kujera. Butalin gaz kuwa nesa da batir, girki a waje ko ana iska. Taga biyu da raga saboda sauro da zafi.

Mai niyyar irin wannan, auna kayanka tukuna kafin ka kira mai walda.