Kafin ka jona fitilar kwamfuta da Arduino

In kana son 'yar fitila ta riƙa nuna maka kwamfutarka na kunne, Arduino Uno ya ishe ka. Amma don Allah kada ka jona LED ɗin kai tsaye.

Sau da yawa ana kawo mini bod a shago, fin ɗaya ya mutu, mai shi na rantsuwa bai yi komai ba. Fin ɗin ATmega328P volt 5 yake bayarwa, jan LED kuwa kusan 2 yake ci. Ragowar ukun fa? Resista ne ke shanye su, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Sa mai ohm 330, wutar za ta tsaya wajen miliamp 9, fin ɗin kuwa ba ya son a wuce 20. Ni 220 ya cika mini haske da dare.

Doguwar ƙafar LED ta bi resista zuwa fin, gajeriyar ta tafi GND.

Wuta daga USB ɗin kwamfutar za ka ɗauka. Sai dai wasu kwamfutocin ba sa yanke ta ko an kashe su, to fara aunawa da mita, kar fitilar ta riƙa yi maka ƙarya.